ARON MOTA DA RIƘON AMANA

Aro tsohon abu ne cikin zaman mutane. Manomi ya kan ari garma wurin maƙwabcinsa, matar gida ta kan ari tukunya ko turmi ranar suna, saurayi ya kan ari doki da kayansa ranar hawan salla. Ba wanda ya mallaki kome da kome a duniya, saboda haka tilas wannan ya jingina da wancan. Amma kowa ya sani, ran da tukunyar aro ta fashe, ba tukunya kaɗai ta shiga haɗari ba, har da zumuncin da ke tsakanin gidajen nan biyu. Shi ya sa Hausawa su kan ce kayan aro ba ya rufe katara, watau abin wani ba ya zama na mutum, kome daɗewarsa a hannunsa.

To, zamani ya kawo mota, mota kuwa ta kawo wata irin magana da kakanni ba su sani ba. A da, maganar aro ta mutum biyu ce, mai abu da mai aro. Aron mota kuwa, in tsautsayi ya gitta, sai maganar ta zama ta mutum huɗu. Ga mai mota, ga wanda ya ara, ga wanda aka yi wa ɓarna a kan hanya, sa'an nan ga kamfanin inshora. Ukun farko duk suna da fuska, ana iya duban idonsu a ji kunya. Na huɗun kuwa ba ya wurin, bai ga kome ba, bai ji kome ba, sai abin da aka rubuta masa a takarda aka sa hannu. Saboda haka shi ne ya fi sauƙin cuta, shi ne kuma wanda mutane da yawa, har da waɗanda a ke wa shaidar kirki, ba su ɗauki cutarsa a bakin kome ba.

Abin tambaya a nan shi ne, in mutum ya ari mota ya yi ɗan karo da ita, ba wanda ya yi rauni, mene ne hakkin kowane ɗaya daga cikin waɗannan a kansa? Kuma shin akwai laifi in an ɗan lanƙwasa magana a takardar kamfani don a ceci ɗan'uwa daga hasara?

MECE CE INSHORA?

Kafin a amsa, ya kamata a san ko mece ce inshora. Ita dai dabara ce ta raba hasara. A ce ga mutum dubu masu motoci. Kowa ya san lalle cikin shekara waɗansu daga cikinsu za su yi karo, amma ba wanda ya san ko su wane ne. Sai kowa ya zuba ɗan abin da ba zai dame shi ba cikin asusu guda, a ba kamfani ya riƙe. Wanda tsautsayi ya faɗa wa, sai a ɗiba daga asusun a gyara masa. Kamfani ya kan ɗauki ladan wahalarsa da ribarsa, saura kuwa na biyan hasara ne. Abin ya yi kama da gayya, inda a ke taruwa yau a nome gonar wannan, gobe a koma ta wancan, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Fatake masu jiragen ruwa su ne suka raya wannan dabara. A birnin Landan, wajen shekarar 1688, an yi wani mai sayar da gahawa, sunansa Edward Lloyd, wanda shagonsa ya zama matattarar masu jirage da attajiran da ke ɗaukar lamunin kayansu. Har yau akwai babbar kasuwar inshora a Landan mai amsa sunansa. Da motoci suka yawaita, aka ga mai mota ya kan yi wa talaka ɓarnar da ba zai iya biya ba, sai Ingila ta yi doka a shekarar 1930 ta tilasta wa masu motoci yin inshora saboda mutanen da ke kan hanya. Nijeriya ta kafa irin wannan doka a 1945, ta fara aiki a 1950, tun daga nan kuwa har yau laifi ne a hau titi da mota ba tare da ita ba.

Inshorar mota iri biyu ce da aka fi sani. Ta farko ita ce wadda doka ta tilasta. Ana ce da ita ta mutum na uku, don ba ta biyan kome sai ɓarnar da motar ta yi wa wani, a jikinsa ko a dukiyarsa. In motar kanta ta lotse, wannan ruwan mai ita ne. Daga ranar 1 ga Janairu, 2023, Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1997, ta mai da kuɗin wannan inshora ga motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar da aka ɓata daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ta biyu kuwa ita ce mai haɗa kome, ta fi tsada ƙwarai, amma tana biyan ɓarnar wani, tana kuma biyan gyaran motar mai ita.

Kowace iri tana da sharuɗɗa a rubuce. Takarda ta kan faɗi wanda aka yarda ya tuƙa motar. Sau da yawa ta kan haɗa duk wanda mai mota ya ba izini, muddin yana da lasin tuƙi, amma wata ta kan tsaya ga mai mota kaɗai, ko ga waɗanda aka ambaci sunansu. Ta kan faɗi aikin da aka yarda a yi da motar, don wadda aka rubuta ta hawan gida ce, ba a yarda a yi haya da ita ba. Ta kan ce a sanar da kamfani da gaggawa in an yi karo. A inshora mai haɗa kome a kan ajiye wani kaso na farko wanda mai mota zai biya daga aljihunsa, kamfani ya cika saura. Wanda kuma ya yi shekara bai nemi diyya ba, a kan yi masa rangwame a shekara mai zuwa.

Duk wannan gini kuwa a kan abu ɗaya ya ke tsaye, watau gaskiya. A shekarar 1766 wani babban alƙalin Ingila, Lord Mansfield, ya yanke wata shari'a a kan inshorar wani sansanin fatake a tsibirin Sumatra. A ciki ya bayyana cewa mai neman inshora shi ya ke da sanin yadda al'amarinsa ya ke, mai ɗaukar lamuni kuwa dogara ya ke yi da maganarsa, saboda haka ba ya halatta ɗayansu ya ɓoye wa ɗan'uwansa abin da ya sani don ya ja shi cikin ciniki. Ashe inshora ciniki ne na amana tun asalinta.

GA MISALI

A ƙaddara wani malamin makaranta a Kano ya ari motar wansa, wani ɗan kasuwa, don ya ɗauko tsohuwarsu daga asibiti. Ya kai ta gida lafiya. A kan hanyarsa ta mai da mota, wajen wani shatale-tale, hankalinsa ya ɗan tafi wani wuri, bai taka birki da wuri ba, sai ya gogi wani keke mai ƙafa uku, irin wanda a ke kira A-daidaita-sahu. Ba wanda ya ko ƙwarzane. Fitilar motar ta fashe, gabanta ya lotse, gefen keken kuma ya lanƙwashe har ya taɓa taya. A ce gyaran mota zai ci naira 120,000, na keke kuwa naira 40,000. Direban keken ba nasa ba ne, kullum da yamma sai ya kai wa mai shi kuɗin da suka yi yarjejeniya, ko ya samu ko bai samu ba.

Wan nan nasa yana da inshora mai haɗa kome, amma da zai yi ta ya zaɓi mai rahusa, wadda ta ce shi kaɗai zai tuƙa. Ya manta da wannan sharaɗi sa'ad da ya miƙa wa ƙanensa makulli, ƙanen kuwa bai tambaya ba. Da suka zauna da dare suka buɗe takarda suka ga haka, sai wani abokin wan, wanda ke zaune a zauren, ya ce, "Haba Alhaji, wannan har abin damuwa ne? Ka rubuta kai ne ke tuƙi mana. Wa ya gani? Shekara nawa kana zuba musu kuɗi ba ka taɓa karɓar ko kwabo ba? In ka je gareji kuma, ka ce wa makanike ya haɗa da tsohuwar lotsawar nan ta baya, a yi maka fenti gaba ɗaya."

Ƙanen ya sunkuyar da kai, ya ce, "Yaya, ni dai na yi ɓarna, albashina kuwa ka san shi. Abin da ka gani shi za a yi."

To, ga inda magana ta ke. Ba ɓarawo ko ɗaya a zauren nan. Akwai wa mai tausayin ƙanensa, da ƙane mai jin kunyar wansa, da aboki mai son ya ga an rabu lafiya. Duk da haka, shawarar da ke gabansu shawarar cin amana ce.

KARKATATTUN HANYOYI UKU

Wanda ya yi karo da motar aro, hanyoyi uku na karkata su kan buɗe masa, kowace kuwa da wanda ta ke cuta.

Ta farko ita ce ya ɓoye wa mai mota. Ya zarce gareji, a buga ƙarfe a miƙe, a shafa fenti, ya mai da mota ya yi shiru. Mai yin haka ya kan ce a ransa ai ya gyara, ba wanda ya yi hasara. Amma mai mota yana da hakkin ya san abin da ya sami dukiyarsa. Wataƙila akwai wata ɓarna a ciki da ido bai gani ba, wadda za ta fito ran da ya ke gudu a kan babbar hanya da iyalinsa. Wataƙila kuma wanda aka goga ya riƙe lambar motar, ya zo daga baya da 'yan sanda, a sami mai mota bai san hawa ba bai san sauka ba, lokacin sanar da kamfani kuwa ya wuce. Hasarar kuɗi mai mota ya kan manta da ita, amma ran da ya gano an rufe shi, ba zai ƙara miƙa makulli da sakakkiyar zuciya ba, ko ga wannan ko ga wani. Ta haka mutum ɗaya ya kan toshe ƙofar aro ga mutum goma.

Ta biyu ita ce a danne wanda aka yi wa ɓarna. Mai babbar riga ya fito daga mota ya daka wa mai keke tsawa, ya ɗora masa laifi, 'yan kallo su goyi bayan wanda suka ga ya fi ƙarfi, talaka ya ja kekensa ya tafi yana Allah ya isa. Wannan ita ce ta fi muni, don saboda irin wannan mutum ne aka kafa dokar inshora tun farko. Hasararsa kuwa ba ta tsaya ga ƙarfen da ya lanƙwashe ba. Kwana biyu ko uku da keken zai yi a gareji, kwanaki ne da ba a ɗora tukunya a gidansa ba, ga mai keke yana jiran kuɗinsa. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi ya kan bi.

Ta uku ita ce a yi wa kamfani ƙarya, ko a sake sunan direba, ko a haɗa tsohuwar ɓarna da sabuwa, ko a sa makanike ya rubuta rasit fiye da abin da ya karɓa. Biyun farko kowa ya yarda laifi ne, ko da ya ke ana aikata su. Ta ukun nan ita ce mutane ke kāre ta da hujja, saboda haka ita ta fi bukatar a tsaya a duba.

HUJJOJIN MASU CEWA BA LAIFI

Hujjarsu ta farko ita ce, wai kamfani ba mutum ba ne, ba ya jin yunwa, ba ya kuka. Gaskiya ne ginin ofis ba ya kuka, amma kuɗin da ke cikin asusun ba daga sama suka faɗo ba. Na direban tasi ne, da na malamar asibiti, da na tsohon da ya ajiye aiki ya sayi 'yar motarsa. Kamfani ya kan lissafa abin da ya biya bana don ya san abin da zai nema baɗi. In diyyar ƙarya ta yawaita, sai a ƙara wa kowa kuɗi, a kuma riƙa tuhumar kowa, har mai gaskiya ya zo da tasa hasara a yi ta ja masa rai ana bincike. Mai sata a rumbun gayya bai saci hatsin rumbu ba, na waɗanda suka zuba ya sata. Rashin sanin sunansu bai mai da abin halal ba.

Hujja ta biyu ita ce, wai mutum ya daɗe yana biya bai karɓi kome ba, saboda haka kuɗinsa ne ya ke ƙwatowa. Wannan rashin fahimtar cinikin ne. Inshora ba adashi ba ce da kowa ke jiran ranar kwasarsa. Abin da mutum ya saya da kuɗinsa shi ne kwanciyar rai ta shekara guda, watau alkawarin cewa in masifa ta zo bisa sharuɗɗan da aka rubuta, ba shi kaɗai zai ɗauka ba. An kuwa cika masa wannan alkawari kowace shekara. Wanda ya ɗauki mai gadi ya biya shi wata goma sha biyu, ɓarawo bai zo ba, ba ya cewa a mayar masa da kuɗinsa. Haka kuma ƙa'idar diyya ita ce a mai da mutum yadda ya ke kafin hasara, ba a ƙara masa ba. Wanda ya shiga da tsohuwar lotsawa ya fito da sabon fenti ya ci abin da ba nasa ba.

Hujja ta uku ta fi sauran ƙarfi. Su kan ce kamfanonin ma ba tsarkaka ba ne, akwai masu jan ƙafa wajen biya, masu neman ɗan kuskure a takarda don su zille, ga kuma 'yan damfara masu sayar da takardun inshora na jabu a bakin ofisoshin lasin. Wannan kuka yana da tushe, kuma amanar da a ke magana a kanta ta hau kan kamfani kamar yadda ta hau kan mai mota. Amma maganin wanda aka zalunta shi ne ya kai ƙara wurin hukumar da ke kula da kamfanonin, ko gaban alƙali. Maganin takardar jabu kuwa shi ne mutum ya bincika lambar motarsa a rajistar inshora ta ƙasa, abin da a ke iya yi yanzu ta wayar hannu. Zaluncin wani kamfani a kan wani mutum bai ba mutum na dabam izinin ya yi ƙarya ba. In kowa ya ce zai yi gaskiya ne sai ran da kowa ya yi, to, ba ranar da za a fara.

Saura hujjar zumunci, wadda ita ce ta fi taɓa zuciya. Wa ya ga ƙanensa cikin ƙunci, ya ga da layi ɗaya na rubutu zai fid da shi. Amma a duba abin da wannan taimako ya ƙunsa. Da farko ɓarnar ƙarfe ce da fenti, abin da kuɗi ke gyarawa. Da zarar an sa hannu a kan ƙarya, ta zama zamba, laifin da doka ke hukuntawa, wanda bai yi karo ba kuwa shi ya ɗauke shi a kansa. Kamfani ya kan aiko mai duba ɓarna, ya tambayi mai keke, ya nemi rahoton 'yan sanda, yau kuma da wuya a yi karo a gari wani bai ɗauki hoto da waya ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ƙa'ida ce sananniya a inshora cewa in an kama zamba cikin neman diyya, duk diyyar ta faɗi, har da ɓangaren da ke na gaskiya. Ko da ba a kama ba ma, 'yan'uwan nan biyu sun ƙulla wani asiri a tsakaninsu, kowa ya san ɗan'uwansa na iya sa hannu a kan abin da bai faru ba. Ran da rabon gado ko wata shaida ta haɗa su, wannan sani zai dawo. Abin takaici kuma, sau da yawa a kan yi irin wannan ƙarya a banza, don takardu da yawa sun riga sun haɗa mai aro, da an karanta da an ga gaskiya ma ta isa.

TO, WA ZAI BIYA?

In an faɗi gaskiya kamfani ya biya, magana ta yi sauƙi. Abin da ya rage shi ne kason farko da kamfani ba ya biya, da rangwamen da mai mota zai rasa baɗi. Waɗannan hasara ce ta ainihi, ko da ya ke ba a ganinta a jikin mota, mai aro na kirki kuwa shi zai fara tayar da maganarsu, ba ya jira a tambaye shi.

In kuwa an faɗi gaskiya kamfani ya ƙi, kamar yadda zai iya yi a misalin nan, sai magana ta koma inda ta ke tun zamanin tukunya da doki. Malaman shari'a sun daɗe da yin bayani a kan aro. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan, wadda almajirai ke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, an raba kayan aro gida biyu. Abin da a ke iya ɓoyewa, kamar tufa ko kayan ado, in ya salwanta mai aro zai biya. Abin da ba ya ɓoyuwa, kamar dabba, ba a ɗora masa sai in ya ƙetare iyaka. Hanafiyya sun ɗauki aro amana ne, ba biya sai da sakaci ko ƙetare iyaka, Shafi'iyya kuwa sun fi tsanantawa a kan mai aro. An kuma ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ari sulkuna wurin Safwan ɗan Umayya gab da yaƙin Hunain, a shekara ta 8 bayan Hijira, bisa sharaɗin lamuni.

Mota ta fi kama da doki. In tana ajiye inda ya dace wani ya zo ya buge ta, ko iska ta kayar da reshe a kanta, ba a ce mai aro ya yi laifi ba. Amma in shi ya yi sakaci, ko ya ara don zuwa asibiti ya wuce da ita wani gari, ko ya ɗauki fasinja don kuɗi, ko ya miƙa wa wani makulli ba da izini ba, to, duk malaman nan sun haɗu a kan cewa biya ya hau kansa. Malamin makarantar nan bai taka birki da wuri ba, saboda haka gyaran keke nasa ne, da ɗan abin da zai rage wa direban hasarar kwanakinsa, gyaran mota ma a kansa ya ke.

Wannan shi ne hukunci, amma bayan hukunci akwai kyautatawa. Wan shi ma yana da nasa kaso na sakaci, don shi ya san irin takardar da ya saya, ya kuwa ba da mota ba tare da ya duba ba. In yana son ya taimaki ƙanensa, ga hanya a buɗe: ya yafe masa rabi, ko duka, ko ya bar shi ya biya kaɗan kaɗan kowane wata. Wannan shi ne zumunci na gaske, don daga aljihunsa ya fito. Kyauta da dukiyar mutum alheri ce, kyauta da dukiyar waɗansu kuwa wani suna gare ta. Haka nan bai kamata mai mota ya mai da tsautsayi abin ciniki ba, ya ce sai an saya masa sabuwar fitila alhali tasa tsohuwa ce, ko ya riƙa gori a gaban mutane. Wanda ya zo da kansa ya faɗi laifinsa ya riga ya biya rabin bashi.

ABIN DA YA KAMATA

Rigakafi ya fi magani. Mai neman aron mota ya tambaya tun kafin ya karɓi makulli, shin akwai inshora, wace iri ce, ta kuma haɗa da shi? Mai bayarwa ya duba lasin mai aro, su kuma yi magana a fili a kan wanda zai biya in wani abu ya faru. Kunyar minti ɗaya ta fi rigimar shekara.

In tsautsayi ya auku, mai aro ya tsaya, ya fara duba lafiyar mutane kafin ta ƙarfe. Ya rubuta lambar abin hawan da suka yi karo, da sunan direba, da na waɗanda suka gani, ya ɗauki hoto in da hali. Ya sanar da mai mota nan take, kafin labari ya riga shi, a kuma sanar da 'yan sanda da kamfani cikin lokaci. Takardun inshora su kan hana mutum ya yi alkawarin biya da sunan kamfani ba da yardarsa ba. Wannan sharaɗi bai ce a yi musun abin da ya faru ba. Mutum ya faɗi yadda aka yi daidai, ba ragi ba ƙari, ya bar masu ƙiyasi su yi ƙiyasinsu.

Akwai kuma wani nauyi na musamman a kan wanda Allah ya ba sanin karatu da rubutu. A da, mutum ya kan dangwala yatsa a takarda, in magana ta tashi ya ce bai san abin da ke ciki ba. Wanda ya iya karatu ya fita daga wannan duhu, ya kuma fita daga wannan uzuri. Yana iya karanta sharuɗɗa kafin ya hau mota, ba mai ruɗinsa. Sa hannunsa kuwa shaida ce, daidai ta ke da ya tsaya gaban alƙali ya ce haka aka yi. Ilmin da ya tsare shi daga a cuce shi, shi ne ya hana shi ya cuci wani da alƙalami.

Inshora tana ɗauke wa mutum nauyin kuɗi, amma ba kamfanin da ke ɗaukar alhaki a madadin wani. Ƙarfen da ya lotse makanike ya kan miƙe shi cikin kwana biyu, a shafa fenti, a manta. Amana kuwa in ta lotse, ba garejin da a ke kai ta. Ƙarya fure ta ke yi, ba ta 'ya'ya. Mai aron da ya tsaya a kan gaskiya, ko da ya biya da gumin goshinsa, gobe in ya sake bukata, ƙofa a buɗe ta ke.